Kwalbar da Na Binne a Edgbaston

Duk wanda ya ce maka sanyi ne babbar wahalar Ingila, to ziyara ya je, bai zauna ba. Sanyi ai rigarsa ake saya a kanti. Ni abin da ya kusa kai ni ƙasa kunya ce, irin tamu ta gida, wadda na ɗauko tun daga Malumfashi ban san tana cikin kayana ba.

Na sauka Manchester da sunan karatun digiri na uku a kan ilimin ƙasar noma. E, ƙasa dai, wadda ake takawa. Har yau in na faɗi haka a garinmu sai an yi dariya, wai na bar ƙasa jibge a bayan gida na hau jirgi neman saninta a wurin Turawa. Ɗakin da na fara kamawa a hoto na gan shi, ga babbar taga ga hasken rana. Da na iso da akwatina sai mai gidan ya buɗe min wani lungu a ƙarƙashin bene, ya ce wancan na hoton an ba wani jiya. Ƙarya yake, na sani, shi ma ya san na sani. Amma ya girme ni, ga furfura, sai na ce, “Ba komai, na gode.” Ka riƙe wannan “ba komai, na gode” ɗin, domin ita ce ta bi ni har Birmingham.

Shekara guda na yi ina hawa da sauka a Oxford Road. Bas na bin bas kamar jerin tururuwa, kowacce maƙil da ɗalibai, kowa ya toshe kunne, babu mai ce maka sannu. Ranar Lahadi nake sayen katin waya in kira maiɗakina Rabi, ta kara wa 'yarmu wayar a kunne, ni ina ta surutu ita tana ta numfashi. Mahaifina limamin unguwarmu ne, kuma duk kiran da zan yi masa da magana ɗaya yake rufewa: “Nuhu, a kula da sunan gida.” In na ajiye wayar sai kewa ta danne ni, in zauna bakin gado in rasa abin da ke min daɗi.

Ga kuma biza, wadda zan sabunta a watan Janairu. A takardar sabuntawar akwai tambayar da duk wani baƙo ya haddace: ka taɓa samun matsala da 'yan sanda? Saboda wannan tambayar ko titi ba na tsallakawa sai fitila ta ba ni hannu.

Wata Juma'a a cikin bas na ji wani a bayana yana faɗa a waya: “Ka gaya masa ba na yanke ciyawar gidan giya, ko nawa zai biya!” Da Hausa! Wallahi ban san lokacin da na juya na kama hannunsa ba. Alhaji Tanko ke nan, mutumin Kumasi, gajere mai faɗin ƙirji, ya zo duba ɗansa da ke jami'a. A Birmingham yake zaune, sana'arsa gyaran lambun gidajen masu hali. Kafin mu sauka ya san sunan kakana, ya kuma ce in hutun bazara ya zo in taho ya ba ni aiki. “Kai da kake karatun ƙasa, zo ka taɓa ta da hannu mana, Dakta.” Ban zama dakta ba a lokacin, amma shi ya riga ya naɗa ni.

Haka na koma unguwar Lozells ta Birmingham a bazarar 2006, na sauka a ɗakin saman gidan Alhaji. Gidajen unguwar a manne suke da juna, in maƙwabci ya yi atishawa sai ka yi masa addu'a. Safiyar farko uwargidansa Hajiya Memuna ta ajiye min koko da ƙosai, na kai cokali baki, sai hawaye. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta ƙara min sukari. Alhaji kuwa mutum ne mai kirki da kaifin harshe. Na ga ranar da wata mata ta roƙe shi ya ɗaukar mata kwalaben giya, wofi fa, babu komai a ciki, ya kai mata wurin zubarwa. Ya ce motarsa ba ta saba ba.

Gidan da ya fi tura ni yana unguwar Edgbaston, inda bishiyoyi suka fi mutane yawa. Wani tsoho ne a ciki shi kaɗai, Mista Edmund, ya haura tamanin, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana Landan. A bayan gidan akwai ɗakin gilashi na shuke-shuke, a ciki kuma wata tsohuwar kurangar inabi ta bi rufin ta mamaye. Ranar farko da na shiga, hali ya motsa. Na duƙa na ɗebi ƙasar gindinta, na murza, na ɗan jiƙa ta, na sake murzawa.

“Me kake nema?” Ashe tsohon na tsaye a ƙofa.

Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan ƙasar ba ta garin nan ba ce. Ta lambunka ja ce mai danƙo. Wannan tsakuwar kogi ce da rairayi. Kawo ta aka yi.”

Tsohon ya matso kusa. Sannan ya ce shekara arba'in masu lambu na shiga ɗakin nan, babu wanda ya taɓa lura. Daga Faransa ya kawo ta, buhu-buhu, a but ɗin motarsa, duk shekarar da ya je. Kurangar ma daga can ya yanko reshenta. Daga ranar na koma kiransa Baba. Ya tambayi ma'anar, na faɗa masa, ya ce in ci gaba.

Ƙarfe goma sha ɗaya yakan fito da shayi, mu zauna kan benci ya yi ta ba ni tarihin gonar da ya ɗebo ƙasar nan. Sunanta ya faɗa min ya fi sau ashirin, harshena ya ƙi ɗauka, sai na sa mata Gonar Tsakuwa. Gonar inabi ce ta yin giya, a kudu maso yammacin Faransa, kuma wai a duniyar masu shan abin in an ambaci sunanta har gyara zama ake yi. Kakansa na wajen uwa ne ya saye ta da arha, a zamanin da wani ƙwaro ya cinye saiwar inabin ƙasar, kowa na gudun gonarsa. Mahaifiyarsa ce ta riƙe ta lokacin yaƙi, sojojin mamaya na kwana a falonta, ita tana fita duba kuranga da asuba. Da ta rasu magada bakwai suka tashi, ga harajin gado da ya fi ƙarfinsu, ga kowa da bakinsa. Suka sayar wa wani kamfanin inshora. Kamfanin ya riƙe ta wasu shekaru ya sayar wa wani attajiri, wanda in ji Baba Edmund bai san hanyar rijiyar gonar ba.

“Mun ɗauka mun yi ciniki,” ya ce. “Yau abin da suke samu a kaka ɗaya ya fi abin da aka ba mu gaba ɗaya. Kuma yawancin masu sayen ba sha suke yi ba. Ajiyewa suke su jira ta yi tsada.”

Na ce ai mu ma haka attajiranmu ke yi da gero. Ya yi dariya har da tari.

Ni ma na ba shi namu. Fadamar kakana ce, wadda ake noman rake da albasa, aka raba ta gida goma sha ɗaya bayan rasuwarsa, baffanni suka yi ta sayarwa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu gidan mai ne a kai. 'Yar guntuwa ce ta rage a hannun wani maƙwabci, shi ma jiran mai saye yake. Baba Edmund ya ce, “Ashe ciwonmu ɗaya.”

Amma in faɗi gaskiya, rabin hirarsa nake ji. In yana maganar tsakuwa da yadda ruwa ke tsiyayewa da zurfin saiwa, kunnena a buɗe yake. Da zarar ya gangaro kan kwalba sai in rufe, in kama istigfari a zuci ina gyaɗa kai. Sau biyu ya sa na raka shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda yake ajiyar giyarsa, don gwiwoyinsa ba sa son matakala. Ya nuna min wasu kwalabe uku a kwance a gefe guda, ya ce na kakar ƙarshe ce da mahaifiyarsa ta tsaya a kai da kanta, su ke nan suka rage masa. Ya yi dogon bayani a kan yadda ake sa musu kuɗi a kasuwa. Ni dai ina riƙe da tocila ina duban matakala. Da na saurara da ban shiga ukun da na shiga ba.

Ranar da zan koma Manchester azumi ya kwana uku. Na gama ɗaure rassan kurangar ina wanke hannu, sai ga Baba Edmund ya shigo ɗakin gilashin yana dogara sanda, ɗaya hannun rungume da kwalba. Shi kaɗai ya sauka ɗakin ƙasan nan da waɗannan gwiwoyin.

“Na san ba ka sha,” ya ce. “Ina ganinka kana salla a bayan rumfa. Ba don ka sha ba ne. Ka kai wa dillalan gwanjo a Landan su sayar maka. Ka je ka sayi ragowar fadamar kakanka kafin su zuba mata siminti.”

Ya juyo kwalbar ya nuna min. A kan takardar da ke manne a jikinta ya rubuta da biro cewa kyauta ce daga gare shi zuwa ga Nuhu, ya sa hannu a ƙasa.

Innalillahi. Shi a saninsa sha kawai aka hana mu. Ni kuwa tun ina makarantar allo aka karantar da ni cewa mai sha da mai ɗauka da mai sayarwa da mai cin kuɗin duk layi ɗaya suke. Abin da ya kamata in faɗa masa ke nan, da Turancin da na iya sarai. To amma ka dube shi: dattijo, ya ɗauko ɗaya daga cikin abubuwa uku da suka rage masa na uwarsa, ya miƙo maka. A gidanmu ba a mayar da hannun kyauta baya, balle na tsoho. Kafin kaina ya gama shawara gwiwata ta riga ta rusuna, hannuwana biyu sun tafi. Na ji bakina na cewa, “Na gode, Baba.”

Ya dafa kafaɗata ya juya cikin gida yana murna. Ya bar ni tsaye da kwalbar giya a hannu, da azumi a baki.

Sai ga hon ɗin Alhaji a bakin ƙofa. Motar da ta ƙi ɗaukar kwalba wofi ita zan shigar wa da cikakkiya? In kai ta gidan Hajiya Memuna in ajiye kusa da dardumar salla? In tsiyaye ta a magudana kuma, wannan cin fuska ne, ban iya ba. Ɗakin ƙasa a kulle, makulli na aljihun tsoho. Hon na biyu. Sai dabara ta faɗo min, kuma a lokacin har yaba wa kaina na yi. A gida in ana son ruwan randa ya yi sanyi, gindinta ake binnewa a jiƙaƙƙen rairayi. Na san dai abin nan sanyi yake so. Na ɗauki ƙaramin shebur na haƙa rami a gindin kurangar, ta jikin bango inda inuwa take, na kwantar da kwalbar, na mayar da ƙasa, na daddaɓe. Har na jawo tiyon da ke ɗiga ruwa na ɗora a wurin don kada ya bushe. Na ce a raina ta koma ƙasar da ta fito, in na dawo hutun Kirsimeti na san yadda zan lallaɓa in yi masa bayani.

“Dakta, haihuwa kake yi a ciki?” in ji Alhaji da na shiga mota. Na ce tiyo nake gyarawa. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba.

Aka sha ruwa, aka yi salla, sanyi ya shigo. Wata Alhamis da hantsi a tsakiyar Nuwamba ina ɗakin gwaje-gwaje ina tankaɗe ƙasa, wayata ta yi ƙara. Alhaji ne, kuma bai ce Dakta ba.

“Malam Nuhu, tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah ka ba ni amsa. Ka ɗauki wani abu a gidan tsohon nan?”

Ashe Baba Edmund ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya kama, mako biyu ke nan yana asibiti ba ya magana. 'Yarsa Helen ta zo daga Landan tana shirin yadda za a kula da shi, ta sauka ɗakin ƙasa, ta tarar da kwalba biyu inda tun tana yarinya ta san uku ne. Maƙwabciya ta shaida mata cewa mai lambu baƙar fata ne kawai ke raka tsohon can ƙasa. Ta ce wa Alhaji darajar shekarun da ya yi yana musu aiki ta sa ba ta kira 'yan sanda ba tukuna. Ta ba da wa'adi zuwa Asabar da azahar.

Na faɗa wa Alhaji komai, a tsaye, a bakin ƙofa. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, “Ka binne? Kai da digirinka biyu, na uku na hanya, ka binne? Gawa ce?”

Kwana biyun nan ban san me na ci ba. Ba kurkuku nake tsoro ba. Ko gargaɗi kawai 'yan sanda suka rubuta min, bizar Janairu ta tafi, tallafin karatu ya bi ta, wahalar sama da shekara ta zube. Wannan ma da sauƙi. Mu 'yan Arewa da ke Manchester ba mu da yawa, labari zai riga jirgina sauka Kano. Kuma ba za a ce an zarge shi ba, ba za a ce kyauta ba. Cewa za a yi ɗan liman ne aka koro daga Ingila, ya saci giya. Ba ma kuɗi ba, giya! Na yi ta hango mahaifina zai wuce gaba ya ja salla, sahun baya na zunɗe. Abin da kawai ke kwantar min da hankali shi ne rubutun nan na jikin kwalbar. Sunana na nan, sa hannunsa na nan. In na tono ta magana ta ƙare.

Ranar Asabar na bi doguwar bas ta safe. Alhaji ya ɗauke ni a tasha. Da muka shiga Edgbaston ya miƙo min wani ƙunshi. “Hajiya ta ce ka ci. Ba a zuwa shari'a da yunwa.”

Helen na jiranmu a lambu, doguwa, idanunta sun faɗa saboda zaman asibiti. Tare da ita akwai wani dattijo mai tabarau, dillalin giya ne da ta kira ya ƙiyasta abin da ke ɗakin ƙasa. Na gaishe ta, ba ta amsa ba. Na ce mahaifinta ne ya ba ni, kuma kwalbar ba ta taɓa barin gidan ba. Na wuce gaba suka biyo ni.

Ina buɗe ɗakin gilashin ɗumi ya buge ni a fuska. Ashe bututun ɗumama ɗakin ta jikin bangon nan ya bi, daidai inda na zaɓa saboda inuwa. Da bazara a kashe yake, shi ya sa ban lura ba. Na durƙusa na fara tono da hannu. Ƙasar ta yi sharkaf, kuma da ɗuminta. Sai a lokacin na ga kaina yadda suke ganina: mutum ya je kai tsaye inda ya ɓoye abu yana tonowa. Ko ni ne alƙali, ɓarawo zan ce.

Yatsuna suka taɓa gilashi. Na jawo ta, na share taɓon da babban yatsa, ina neman rubutun. Babu. Takardar ta narke ta zama kamar kunu, ragowar kuma dodon-koɗi ya cinye, ga sawunsa nan yana ƙyalli. Na juya ta, na sake juyawa. Ko harafi ɗaya bai rage ba.

“A nan ya rubuta,” na ce. “Wallahi a nan ya rubuta sunana.” Muryata ma ban gane ta ba.

Dillalin ya karɓa da yatsu biyu, ya ɗaga ta sama ya duba wuyanta, ya shinshina toshiyar, ya girgiza kai kamar wanda ya zo ta'aziyya. Ya ce da a ce daga ɗakin ƙasa ta fito, da takardarta, da shaidar cewa tun daga hannun masu gonar take kwance wuri ɗaya cikin sanyi, masu saye har faɗa za su yi a kanta. Ya faɗi kuɗin. Na yi lissafi a raina, ya sayi guntuwar fadamar nan har da canji. Ya ce mai saye ba ya iya ɗanɗanawa kafin ya biya, don haka suna yake saye, da shekara, da tarihin inda kwalba ta kwana. Yanzu takarda ta tafi, zafi ya dafa abin da ke ciki, har ya fara tsattsafowa ta baki. “Ba wanda zai taya,” ya ce.

Abin da Baba Edmund ya yi ta faɗa min ke nan ina riƙe da tocila.

Helen ta dube ni. “In ma gaskiya kake faɗa, Mista Nuhu, me ya hana ka ce a'a? Kalma ɗaya ce fa.”

Ta yaya zan fassara mata? Ta ciro wayarta daga jaka.

Alhaji ne ya matsa gaba, da Turancinsa na Kumasi mai kama da faɗa ko yana gaisuwa. Ya ce shi ya san ɓarayi, bai taɓa ganin wanda ya saci abu ya ajiye wa mai shi a gida ya tafi wata biyu ba. Ya ce wannan ba ɓarawo ba ne, wawa ne, kuma wauta ba laifin 'yan sanda ba ce. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Ya ce mai kwalbar yana raye, ga asibiti nan ba nisa, a je a tambaye shi.

“Ba ya magana,” in ji ta.

“Yana gani ai.”

Helen ta mayar da wayar jaka. Ta ce in bai gane ba, daga can za ta kira 'yan sanda. Aka sa kwalbar a leda. A motarta aka ɗauka, don ko a ranar Alhaji bai yarda kwalbar ta shiga tasa ba.

Da ƙyar na gane Baba Edmund. Ya ƙanƙance a cikin farin zanen gado, bakinsa ya karkace, hannun dama a yashe. Helen ta fito da kwalbar ta ɗora masa a kan cinya, ta sunkuya ta ce a hankali, “Baba, kai ka ba shi wannan?”

Ya kalli kwalbar. Baƙar kwalba ce kawai, duk taɓo, babu suna babu komai. Idonsa ya wuce ta ya koma kan taga. Ta sake tambaya, bai motsa ba. Ta miƙe tsaye, hannunta ya tafi jaka.

Sai hannunsa na hagu ya faɗa kan kwalbar, kamar da tsautsayi. Yatsunsa suka ci karo da tsakuwar da ta manne a jiki. Ya tsaya. Ya ɓantaro ɗaya ya murza tsakanin yatsu, irin murzar da na yi ranar farko. Ya kai hanci. Sannan ya ɗago ido ya neme ni a ɗakin har ya same ni. Ya turo kwalbar wajena. Helen ta ce, “Baba, nasa ne? Kai ka ba shi?” Ya yi wani gurnani na fushi, ya sake turowa da ƙarfi har ta kusa faɗuwa daga gadon.

Helen ta zauna a kujera ta rufe fuska da tafin hannu. Ta ce in yafe mata. Na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina, har ɗakin ya yi min haske.

Amma tsoho bai gama ba. Yana nan yana turo min, yana jira. Kuma wallahi, ka ji halin mutum, sai ga hannuwana biyu sun sake tafiya. Alhaji ya yi gyaran murya a bayana.

Na mayar da hannuwana. Na durƙusa a bakin gadon yadda fuskata za ta yi daidai da tasa. Na ce, “Baba, ba zan iya karɓa ba. Ba sha kaɗai aka hana ni ba, har ɗauka da sayarwa da cin kuɗin. Tun ranar ya kamata in faɗa maka, kunyarka ta hana ni. Na binne ta a gindin kurangarka, na lalata ta. Ta mahaifiyarka ce, kuma ni na lalata ta. Ka gafarce ni.”

Abin da na guda a watan azumi shi na gani. Ɓarin fuskarsa mai motsi ya sauka, idonsa ya kawo ruwa. Tunda nake ban taɓa ce wa tsoho a'a ba sai ranar, kuma ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Can sai ya jawo kwalbar jikinsa. Ya sa farce ya fara kankare taɓon da ya bushe a jikinta, a hankali, yana zuba a kan farin zanen asibiti. Wata nas ta taho za ta yi magana, Helen ta ɗaga mata hannu. Ya daɗe yana yi. Da ta taru ya tattara ta da gefen hannu, tsakuwa da rairayi, bai fi cikin cokali uku ba. Ya dunƙula, ya miƙo min hannun.

Na tara hannu biyu na karɓa.

Bai kai sabuwar shekara ba. A Janairu na cike takardar biza, na zo kan tambayar nan na daɗe ina kallonta kafin in sa a'a. Mahaifina har ya koma ga Allah bai ji wannan labarin ba. Guntuwar fadamar kakana kuwa an zuba mata siminti tun kafin in dawo, shagunan sayar da taya ne a wurin yanzu.

A ofishina akwai kwalaben ƙasa sun fi ɗari, kowacce da takarda a jiki, da sunan gari da zurfin ramin da aka ɗebo ta. Ɗaya ce kawai babu komai a jikinta. Duk shekara sai an sami ɗalibin da zai ɗaga ta ya ce, “Malam, wannan ta ina ce?” Sai in ce ya ajiye min a hankali, kyauta ce.